Mece ce ma'anar "Sarva Dharma Sama Bhava"?

Duk wanda ya saba kallon finafinan Indiya ya san wannan hoton: a unguwa ɗaya ga haikalin Hindu ana kaɗa ƙararrawa, ga ladan yana kiran salla, can gefe kuma ga coci. Idan ana batun irin wannan zama, akwai maganar da ba ta barin bakin 'yan siyasa da malaman ƙasar, wato sarva dharma sama bhava. Kalmomi huɗu ne na Sanskrit, harshen tsofaffin littattafan addinin Hindu. Sarva na nufin duka, sama na nufin daidai, bhava kuwa halin da zuciya ke ciki. Dharma ce mai wuyar sha'ani. Akan fassara ta da addini, amma ta ƙunshi har da doka da nauyin da ke wuyan mutum a rayuwa. In an haɗa su, ma'anar ita ce mutum ya dubi kowane addini da girmamawa iri ɗaya.

Wasu na gajarta ta su ce "duk addinai ɗaya ne". Lafazin dai bai faɗi haka ba, domin daidaiton da ake magana a kai yana cikin zuciyar mai duban ne.

Mahatma Gandhi ne ya sa maganar ta yi suna. A 1930, yana tsare a gidan yarin Yeravda da ke Pune, ya riƙa rubuta wa almajiransa da ke zaune a mazauninsa na Sabarmati wasiƙu kan alkawuran da suka ɗauka, kuma daidaita addinai wajen girmamawa na cikinsu. A nan ya nuna cewa kalmar haƙuri ba ta kwanta masa ba. Dalilinsa mai sauƙi ne: wanda kake haƙuri da shi, ai ka riga ka ɗauke shi kaya a kanka. A taron addu'arsa na yamma akan karanta Bhagavad Gita, littafi mai tsarki na Hindu, a karanta ayoyin Alƙur'ani, a rera waƙoƙin Kirista. A 1947, ana cikin zafin raba Indiya da Pakistan, wasu suka tashi a Delhi suka ce ba za a karanta Alƙur'ani ba. Ya gwammace a fasa addu'ar gaba ɗaya da a cire karatun. A kan hanyarsa ta zuwa irin wannan taro ne Nathuram Godse, shi ma ɗan Hindu, ya harbe shi ranar 30 ga Janairu, 1948.

Tunanin ya girmi Gandhi. Ramakrishna, wani waliyyinsu da ya zauna a haikalin Dakshineswar kusa da Kolkata ya rasu a 1886, yakan ba da misali da tafki mai mashigai da yawa. Ɗan Hindu zai sauka ta nan ya cika tulunsa ya ce jal, Musulmi ya sauka ta can ya cika salkarsa ya ce pani, ruwan kuwa guda ne. Almajirinsa Swami Vivekananda ya ɗauki wannan ra'ayi ya kai shi babban taron addinan duniya a Chicago ta Amurka, inda ranar 11 ga Satumba, 1893 ya ce su ba haƙuri da sauran addinai kaɗai suke yi ba, sun yarda dukkansu gaskiya ne. Akan kafa hujja da wani baiti na Rig Veda, ɗaya daga tsofaffin littattafan Hindu da ake kira Veda, mai cewa gaskiya ɗaya ce, masana ne ke kiranta da sunaye daban-daban. Sai dai sunayen da baitin ya lissafa, irin su Indra da Mitra da Varuna da Agni, duk abubuwan bautar mutanen zamanin Veda ne. Daga baya aka shimfiɗa ma'anar ta rufe wasu addinai.

To a nan gizo ke saƙar. Misalin tafkin nan da kansa aƙida ce ta Hindu. Musulmin da ya tashi da "lakum dinukum waliya din" zai iya zama lafiya da maƙwabcinsa shekara da shekaru, su yi ciniki, su je wa juna gaisuwar rasuwa, ba tare da ya yarda hanyoyinsu tafki ɗaya suka nufa ba. Haka Kirista. Shi ya sa tattaunawa kan yi tsami da an zo kan wa'azi. A wurin mai bin misalin tafki, kiran wani ya bar mashigarsa raini ne, Gandhi ma bai ji daɗin aikin mishan na sauya wa mutane addini ba. A wurin Musulmi da Kirista kuwa, isar da saƙo wani ɓangare ne na addinin. Su kansu 'yan Hindu ba bakinsu ɗaya ba. Dayananda Saraswati, wanda ya kafa ƙungiyar Arya Samaj a 1875, ya soki Musulunci da Kiristanci ba tare da ɓoye-ɓoye ba.

Maganar ta shiga harkar mulki kuma. A ƙasar da ƙidayar 2011 ta nuna kusan kashi 80 cikin ɗari 'yan Hindu ne, Musulmi kashi 14, Kirista kashi 2 da ɗoriya, da yawa suna fassara rashin addinin gwamnati da wannan jimla, wato hukuma ta riƙe kowane addini daidai maimakon ta juya musu baya duka. Sashe na 25 na tsarin mulki ya ba kowa 'yancin bin addininsa da yaɗa shi. Amma tun 1967 jihar Odisha ta kafa dokar hana sauya wa mutum addini ta hanyar tilas ko yaudara ko kwaɗaitarwa, Madhya Pradesh ta bi sahu a 1968, kuma a 1977 Kotun Ƙoli ta yanke cewa 'yancin yaɗa addini bai haɗa da 'yancin sauya wa wani addininsa ba.