Tantance Fure ta Hoto: Me Ake Nufi, Kuma Ina Iyakarsa?

Tantance tsiro ta hoto shi ne mutum ya ɗauki hoton furen da bai sani ba da wayarsa, ya tura wa manhaja, ita kuma ta kawo masa sunan da take zaton na tsiron ne. Waɗanda aka fi sani su ne Pl@ntNet, wadda cibiyoyin bincike na Faransa suka fitar a 2013, da iNaturalist, wadda ta faro a 2008 a matsayin aikin ɗalibai a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, sai Google Lens da ta zo a 2017.

Manhajar ba sanin fure ta yi ba irin sanin mai lambu. An horar da ita ne da miliyoyin hotunan da masana suka riga suka sa wa suna, sai ta kwatanta naka da su, ta jero amsoshi, kowace da makinta. Abin da take bayarwa galibi sunan kimiyya ne mai kalma biyu, tsarin da Carl Linnaeus ɗan ƙasar Suwidin ya daidaita a 1753. Yakuwa, misali, ita ce Hibiscus sabdariffa, rama kuma Hibiscus cannabinus.

Matsalar tana wajen hoton da aka ɗauka kusa-kusa, fure kaɗai ya cika fuskar waya. Duk wanda ya taɓa noma ya san furen kuɓewa da na rama da na yakuwa kamar an tsaga kara: rawaya-rawaya, da duhun ja a tsakiya, domin dangi ɗaya ne da auduga. Ganye da 'ya'ya ne ke raba su. Ita kuwa bougainvillea, fulawar nan mai ƙaya da ke hawa katangar gidaje, abin da muke gani ja ko shunayya ba fure ba ne, wasu ganyaye ne masu launi. Ainihin furen ɗan ƙarami ne fari a tsakiyarsu. Shi ya sa Pl@ntNet ke tambaya ko hoton na ganye ne, ko fure, ko 'ya'ya, ko ɓawo. A ɗauki kowanne daban, a ƙara da hoton tsiron gaba ɗaya, cikin hasken rana.

Akwai kuma wani gibi da ya shafe mu: yawancin hotunan da aka tara daga Turai da Amurka suke, don haka tsirran Afirka sun fi saurin rikita manhajar.

Abin da ya fi damuna shi ne masu dogara da amsar waya su haɗa magani. Shukar kariya tana da fure mai kyau ruwan hoda, amma ruwanta dafi ne, har maharba kan shafa wa kibiya. Zaƙami ma farin furensa na da ban sha'awa, ga shi yana gusar da hankali. Idan abin na sha ne ko na ci, a kai reshen ga malamin gona ko sashen nazarin tsirrai na jami'a mafi kusa, su duba da idonsu.