Ma'anar "tsutsar haƙori": abin da ke cin haƙora a zahiri

Idan haƙori ya yi kogo ya fara zogi, daga Garwa har Marwa a arewacin Kamaru magana ɗaya za ka ji: tsutsa ce ta ci shi. Har akwai masu magani a kasuwa da ke turara wa mutum hayaƙin wasu 'ya'yan itace a baki, su nuna masa fararen abubuwa sirara a cikin ruwa su ce ga tsutsar ta fito. Waɗannan daga cikin irin da aka ƙona suke fitowa. Babu tsutsa a cikin haƙori.

Abin da ake kira tsutsar haƙori ruɓewa ce. Ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani suna zaune cikin dattin nan mai yauƙi da ke manne a gindin haƙora. Abincinsu sukari. Da sun samu sai su mayar da shi ruwa mai tsami, tsamin ya riƙa narkar da farin ɓawon haƙori kaɗan-kaɗan, duk da cewa ɓawon nan ya fi komai ƙarfi a jikin ɗan Adam. Da farko farin tabo ne, ba ciwo. Sai ya yi duhu, ya zama rami. Ranar da ruwan sanyi ya fara tsira maka har ka, ramin ya kusa jijiya.

Yawu shi ke wanke tsamin ya gyara ɓawon, amma yana bukatar kamar rabin awa zuwa awa ɗaya bayan kowane zaƙi. Nan ne shayinmu ke yi mana illa. Dubi tela a bakin shagonsa: ɗan kofi da hantsi, wani bayan azahar, zagaye uku da abokai bayan la'asar, kowanne sukari har yana danƙo, ga folere, wato zoɓo, mai sanyi ko lemun kwalba a tsakani. Bakinsa bai huta daga tsami ba tun safe. Wanda ya sha zaƙinsa sau ɗaya tare da abinci ya fi shi tsira, ko da yawan sukarin ɗaya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin babba kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincinsa, wato kamar ƙaramin cokali 12 a yini.

Yara ne suka fi ba ni tausayi. Ana barin jariri ya kwana da bulumbotin madara mai sukari a baki, ana lallashin na goye da alewa, a ce ai zai yi famfara. To, turamen dindindin na farko suna fitowa ne wajen shekara 6, can baya, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba, iyaye da yawa kuma sukan ɗauka na nono ne su bar su su ruɓe.

Ba kowane jan haƙori ne ruɓewa ba. Goro na rina haƙora, a wasu ƙauyukan yankin Mayo Tsanaga na arewacin Kamaru kuma sinadarin fuloraid, wanda kaɗan ɗinsa ke ƙarfafa haƙori, ya yi yawa a ruwan rijiya, yana sa tabo ruwan ƙasa tun yarinta.

Asuwaki, na darbejiya ko waninsa, yana cire datti sosai idan aka bi haƙori ɗaya bayan ɗaya. A haɗa shi da man goge baki mai fuloraid sau 2 a yini, musamman kafin barci, lokacin da yawu ke raguwa. A tofar, kada a kurkure da ruwa nan take. A daina dirzar haƙora da gawayi ko toka, a daina buɗe kwalba da haƙori. Kanumfari na kwantar da zogi na ɗan lokaci, amma rami ba ya cikewa da kansa, ƙwayar asfirin da ake dannawa a kogo kuwa ƙona dasashi take yi. Ƙaramin rami likitan haƙori ciko zai yi masa. Idan kunci ya kumbura har da zazzaɓi, ko haɗiya ta yi wuya, a tafi asibiti a ranar.