Ƙananan itatuwan daji da sauyin ruwan sama a ƙasar Daura da Katsina

Ƙananan itatuwan daji su ne irin su sabara da kalgo da geza da anza da tumfafiya, waɗanda ba su cika yin tsawo kamar gawo ko kuka ba, daga gindi suke yin rassa su bazu. A arewacin jihar Katsina, wajen Daura, Zango, Ɓaure, Mai'aduwa, Kaita da Jibiya, su ne suka fi yawa a gonaki da dazuka, musamman sabara wadda masana ke kira Guiera senegalensis, da kalgo da suke kira Piliostigma reticulatum. Rayuwarsu gaba ɗaya ta ta'allaƙa ne da laimar ƙasa, ita kuma laima yadda ruwa ya sauka ne ke tsara ta.

Ruwan wannan yanki kusan duk a wata huɗu yake sauka, daga Yuni zuwa Satumba, marka kuma a Agusta. A shekara akan samu wajen milimita 600 ko sama da haka kaɗan, kudancin jihar wajen Funtuwa kuma ya kan kai 1,000. Amma wannan lissafin matsakaici ne kawai, wata shekarar ya wuce, wata ya gaza sosai, kamar farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 da dattawa har yanzu suke ba da labari. Kuma jimillar ma ba ita ce magana ba. Shekara biyu za su iya samun ruwa daidai da juna a ma'auni amma daji ya bambanta, don ɗaya ya zo yayyafi-yayyafi ɗaya kuma ya zo da ƙarfi sau kaɗan.

Ga yadda abin yake. Milimita 1 na ruwa daidai yake da lita 1 a kan fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1. In an yi ɗan ruwa kaɗan saman ƙasa kawai yake jiƙawa, rana ta fito ta shanye shi cikin kwana ɗaya ko biyu, ciyawa ce ke amfana da irin wannan saboda saiwarta a sama take. Ruwa mai yawa da ya daɗe yana zuba shi ne ke nutsewa can ƙasa inda rana ba ta kaiwa, kuma a can saiwar sabara da kalgo take, tana sauka mita da yawa. Shi ya sa za ka ga tsakiyar rani ciyawa duk ta bushe ta zama kara amma sabara na nan da ganyenta, har ma ta yi toho a bazara lokacin da zafi ya wuce digiri 40 ba a ga ko hadari ba, ai ruwan bara take sha. Farin shekara ɗaya bai cika kashe babbar sabara ba, sai dai ta kakkaɓe ganye ta rage girma. Wanda ke yi mata illa shi ne a jera shekaru ruwa bai kai ƙasan ba.

Ƙananan da suka tsiro sabo su ne abin tausayi. Ruwan farko ya sauka iri ya tsiro, sai ruwa ya ɗauke sati biyu ko uku, saiwa ba ta kai inda laima take ba, shikenan sun ƙone, kamar dai yadda manomi ke asarar shukar farko ya sake. To ga awaki kuma. Don haka sababbin itatuwa ba kowace shekara suke kamawa ba, sai an dace da damina mai kyau a jere.

Irin ƙasa ma na da nata. Jigawa tana shan ruwa da sauri ta tura shi ƙasa, fako kuwa ruwa gudu yake yi a kansa ya tafi kwari ko da an kwana ana zuba shi. Gindin itacen kansa yana tara yashi da ganye da iska ke kwasowa da hunturu, wurin ya ɗan yi tudu ya yi taushi, ruwa ya fi shiga nan. Binciken da aka yi a Senegal ya nuna sabara da kalgo suna jawo ruwa daga can ƙasa da dare su saki wani a saman ƙasa ta ƙananan saiwoyinsu, geron da ke kusa da su ya samu ya sha lokacin da ruwa ya ɗauke. Manoma da yawa dama sun lura geron gindin kalgo ya fi kyau.

Duk da haka a wajen sassabe har yanzu ana sare su tas a ƙone, mata kuma na buƙatar itacen girki, ga masu ɗibar ganyen sabara don magani. Sa'ar da aka yi in kututturen na nan yana sake toho. A kan wannan ne manoman Maraɗi, maƙwabtanmu a Nijar, suka fara tun shekarun 1980 barin reshe biyu ko uku masu ƙarfi a kowane gindi suna sassabe sauran, wanda a ganina ya fi dashen sababbi sauƙi nesa ba kusa ba, tunda saiwar ta riga ta kai ga laima ba sai an yi ta ban ruwa ba. Katsina na cikin jihohi 11 na Najeriya da shirin dasa itatuwa na Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 don tare kwararowar hamada.