Me ake nufi da "karɓar dabara" a aikin malaman gona?

Wanda ke sauraron jawaban Ranar Manoma, wadda Gana ta fara yi tun 1985, ya sha jin manya na kukan cewa masu kiwon shanu ba sa karɓar sababbin dabaru. A kunnen mai sauraro, maganar kamar zargi ce na taurin kai. A wurin masu aikin kuwa, "karɓa" kalma ce mai iyaka, kuma akwai hanyar auna ta.

Malamin gona shi ne ma'aikacin da ke tsakanin masu bincike da manomi ko makiyayi. A nan Gana yana ƙarƙashin sashen noma na gunduma, Ma'aikatar Abinci da Noma kuma ita ke tsara manufar aikinsa. Abin da aka gano a Jami'ar Gana da ke Legon, ko jami'ar KNUST ta Kumasi, ko Cibiyar Binciken Dabbobi ta CSIR, wato hukumar binciken kimiyya ta ƙasa, shi zai kai garke, ya kuma dawo da kukan masu garken. Dabarun da yake kai wa masu shanun nama sanannu ne: allurar riga-kafin ciwon huhu da na saifa, fesa maganin kaska, ba da maganin tsutsar ciki a kan kari, tanadin harawa da dusa domin rani, dandaƙe bijiman da ba a so su yi barbara, da rubuta tarihin kowace saniya.

To, yaushe za a ce mutum ya karɓi dabara? Zuwa taro ba karɓa ba ne. Gyaɗa kai a gaban malami ba karɓa ba ne. Ko miƙa shanu a yi musu allura ranar da gwamnati ta kawo ta kyauta, wannan ma bai kai ba. Karɓa ita ce mutum ya ji, ya gamsu, ya gwada, sannan ya ci gaba da yi da kuɗinsa da lokacinsa bayan motar shirin ta daina zuwa. Wanda ya fesa maganin kaska wata biyu ya watsar, masu bincike suna sa shi a wani rukuni dabam, na waɗanda suka gwada suka janye.

Asalin wannan fanni daga Amurka yake. A 1943 wasu masana biyu, Bryce Ryan da Neal Gross, suka fitar da bincike kan yadda sabon irin masara ya yaɗu tsakanin manoman jihar Iowa. Sun gano cewa yawancin manoman daga bakin dillalan iri suka fara jin labari, amma maƙwabta ne suka sa su yarda, kuma kusan kowa sai da ya gwada a ɗan yanki na gonarsa tukuna. A 1962 Everett Rogers ya tattara irin waɗannan bincike ya kasa mutane gida biyar: masu fara gwaji kashi 2.5 cikin ɗari, masu saurin bi 13.5, sai jama'ar farko 34, jama'ar baya 34, 'yan ƙarshe kuma 16. Ana yawan kawo alƙaluman nan kamar ƙidaya aka yi. Ba ƙidaya ba ce, rabon lissafi ne da ya zana domin sauƙin bayani, saboda haka kada wani ya ce kashi 16 na makiyayan Afienya, a filayen Akra, haka Allah ya yi su.

Abin da ya fi amfani a aikin Rogers shi ne tambayoyin da ya ce a yi wa ita dabarar kanta. Ta fi abin da ake yi da amfani? Ta dace da yadda mutane suke rayuwa? Tana da wuya? Ana iya gwada ta a kan kaɗan? Ana ganin sakamakonta da ido? Dubi maganin tsutsa. Ka ɗura wa maraƙi ramamme, bayan 'yan makonni gashinsa ya kwanta, ya yi ƙiba, kowa a ruga ya gani, gani kuwa ya kori ji. Shi ya sa ba a shan wahalar tallata shi. Riga-kafi fa? Ka biya kuɗi, ka wahala wajen kama shanu, wata ma ta kumbura a wurin allurar, sakamakon kuma shi ne babu abin da ya faru. Sai a 2023, da cutar saifa ta ɓulla a Binduri da wasu gundumomin Jihar Gabas ta Sama, aka hana zirga-zirga da yankan dabbobi a yankin ana dab da Babbar Sallah, sannan kowa ya ga abin da allurar ke tsarewa.

Yanzu ga batun halin shi mai kiwon. Masu bincike sukan auna shekarunsa, iliminsa, yawan shanunsa, ko yana cikin ƙungiya, ko yana samun bashi, da sau nawa malamin gona ke ziyartarsa. Galibi ana samun cewa mai karatu, da ɗan ƙungiya, da wanda ake yawan ziyarta sun fi karɓa. Shekaru kuwa ba su da tsayayyen hukunci: wani wuri matasa ne gaba, wani wuri dattawa, domin su ke da dukiyar da za su iya yin kasada da ita. Akwai kuma tarko a cikin batun ziyarar. Malamin da ke da ƙauyuka da yawa da babur ɗaya, man ma sai ya yi dabara, zai fi zuwa wurin wanda ke bakin titi, mai jin Turanci, mai tarbarsa da fara'a. Sai rahoto ya nuna ziyara ce ta kawo karɓa, alhali wani lokaci mai son karɓa ne ya jawo ziyarar.

Amma a ganina, babban abin da irin wannan awo ke tsallakewa a kudancin Gana shi ne tambayar wane ne ma "mai kiwon". A filayen Akra, daga Katamanso zuwa Dawhenya da Prampram, sau da yawa mai shanu dabam, mai tsaron shanu dabam. Mai shanun yana iya zama mahauci a Nima, ko ɗan kasuwa a Ashaiman, ko ma'aikacin gwamnati da ya zuba kuɗin fanshonsa a garke. Garke ɗaya ma kan haɗa shanun mutane da dama. Wanda ke kwana da su Bafulatani ne da aka ɗauka, kuma a tsohon tsari babban ladansa shi ne nono. Matarsa ke sayar da shi, ko ta yi wagashi, da shi ake cefane.

Ka ga malamin gona ya zo ruga ya ce a rage tatsa, a bar wa maraƙi nono ya sha domin ya yi saurin girma. Shawara ce mai kyau ga naman da za a sayar nan da shekara uku. Sai dai ribar ta mai shanu ce, asarar kuma ta yau ce, a tukunyar makiyayi. Ya ce a sayi maganin kaska saboda kirci, ciwon fatar da ya addabi shanun wannan yanki. Makiyayi ya kira waya: "Maigida, likita ya ce a sayi magani." Amsa daga gari: "To, bari in zo in gani tukuna." Wata ya wuce. Wanda ya ji bayanin ba shi ke riƙe da kuɗin ba, wanda ke riƙe da kuɗin bai ga saniyar ba. A takardar bincike za a rubuta makiyayin nan a jerin waɗanda ba su karɓa ba, a kuma danganta abin da rashin karatunsa.

Haka batun shuka ciyawa. Ana ba da shawarar a shuka ciyawar giwa ko wasu itatuwan abincin dabbobi domin rani. Wa zai shuka a filin da ba nasa ba, wanda gobe mai unguwa ko dangin masu ƙasar za su iya sayar wa masu gina gidaje? Duk wanda ya bi hanyar Afienya ya ga yadda bulo ke cin makiyaya.

Kwatanta da masu turka a cikin Zango, a Madina ko Sabon Zango ko Aboabo ta Kumasi. Mutum ya sayi sa a kasuwar Tulaku, ya ɗaure a bayan gida, yana ba shi dusar alkama da ɓawon rogo, yana ƙirga kwanaki zuwa Layya. Shi ne mai sa, shi ne mai ciyarwa, shi zai karɓi kuɗi. Wannan ba ya bukatar lallashi. Idan ya ji wani haɗin abinci na sa ƙiba, gobe zai gwada, jibi maƙwabcinsa ya kwaikwaya. Ilimin boko bai raba shi da makiyayin Dawhenya ba, abin da ya raba su shi ne aljihun da riba ke faɗawa.

Harshe ma yana da nasa rabo. Cinikin shanun da ke saukowa daga Burkina Faso da Mali da Nijar ta Paga, har zuwa mayankar Kumasi da ke Kaase, da Hausa da Fulatanci ake yin mafi yawansa. Taron faɗakarwa kuwa sau da yawa da Turanci ko Twi ake yi, da hantsi, daidai lokacin da shanu ke daji. Matan da ke tatsa, waɗanda su ke fara ganin hantsar da ta kumbura, ba a cika gayyatarsu ba.

Akwai dabara guda da ke ba malaman gona wahala fiye da kowace, har a wurin masu turkar da na yaba. Kowane maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake yi wa sa yana da kwanakin jira da aka rubuta a jikin kwalbar, waɗanda sai sun cika kafin a yanka dabbar ko a sha nononta, don kada ragowar maganin ya shiga cikin mutane. Mai san da ya ga dabbarsa ta ƙi tashi bayan allura, hankalinsa na kan ya sayar wa mahauci kafin ta mutu. Idan ya jira, shi ke ɗaukar kasadar. Amfanin jiran kuma na mai sayen tsire ne a Mamobi, wanda bai san shi ba. A irin wannan, wa'azin malamin gona shi kaɗai ba ya isa, sai an haɗa da binciken likitan dabbobi a mayanka, da sarakunan fawa da za su ƙi sayen san da aka yi wa allura jiya.