Itacen almon a tsakar gida: yana jure fari, amma sanyi yake nema

Duk wanda ya taɓa cin tsarabar alhazai ya san dabinon nan da ake cire wa ƙwallo, a cusa masa wata 'yar ƙwaya mai garɗi a ciki. Ƙwayar nan ita ce almon, Larabawa suna ce mata lauz. Tun da labari ya bazu cewa itacenta ba ya tsoron fari, masu sha'awar dashe suke ta tambaya ko za a iya kafa shi a gida. Ga tambayoyin da aka fi yi da amsoshinsu.

Malam, ba shi ne furut ɗin da muke fasawa da dutse muna 'yan makaranta ba?

Ba shi ba ne, ba su ma haɗa dangi ba. Furut, wato bishiyar nan mai faffaɗan ganye da ke yin ja kafin ya zube, mai rassa hawa-hawa kamar laima, 'yar uwar baushe ce da marke da sabara. Masana suna kiranta Terminalia catappa, asalinta gaɓar teku ce a ƙasashen Asiya masu zafi. Ɗanɗanon ƙwayarta ne ya ɗan yi kama da na almon, shi ya sa a wasu wurare suna ya rikice. Wanda ya taɓa zama gindinta ya san aikin: ka sha dukan ƙwallo da dutse har yatsa ya yi jini, ka sami ƙwaya siririya da ba ta kai rabin gyaɗa ba.

Almon na gaskiya, Prunus dulcis, ɗan gidan su tuffa ne, asalinsa yankin Iran da maƙwabtanta. Ganyensa siriri ne, tsayinsa daga mita 4 zuwa 10, kuma yana fid da fure fari ko ruwan hoda tun kafin ganye ya tsiro. A lura da wannan wajen sayen dashe, domin wanda ya ce a ba shi almon a wurin masu sayar da itatuwa a bakin titi, sau da yawa furut za a miƙo masa.

Da gaske ne yana jure fari?

Da gaske ne. A kewayen Safakis ta Tunisiya, inda ruwan shekara bai wuce milimita 200 da 'yan kai ba, manoma sun daɗe suna noma shi ba tare da ban ruwa ba. Kano tana samun ninkin wannan ruwan sau uku ko fiye. Dabararsu ita ce ba da tazara mai yawa tsakanin itace da itace, kowanne ya sami faɗin ƙasar da saiwarsa za ta yi kiwo. Haka ma yawancin gonakin almon na Sifaniya da na tsaunukan Maroko, da ruwan sama kawai suke rayuwa.

Sai dai jure fari daban, cika buhu daban. Kalifoniya ta Amurka, wadda ke fitar da kusan kashi 80 cikin 100 na almon ɗin duniya, ba da haƙurin itacen take samun wannan amfani ba, da ruwa take samu. Gonakinta suna shan abin da ya kai zurfin mita ɗaya na ruwa a shekara. Lokacin farin da jihar ta yi fama da shi daga 2012 zuwa 2016 an yi ta cece-kuce a kan ƙiyasin cewa kowace ƙwaya ɗaya tana cin kusan lita huɗu na ruwa. Itacen da aka bari da ƙishi ba zai mutu ba, zai zubar da ganye ya jira, amma ƙwayarsa za ta fito a motse, kuma 'yar kaɗan.

To mu da muke da rana da fari, me zai hana ya yi a Kano ko Katsina ko Maraɗi?

Sanyi. Nan ne gizo ke saƙar, kuma nan ne masu tallar dashe ba sa son a tsaya.

Almon itace ne mai barci. Idan sanyi ya shigo yakan kaɗe ganyensa ya tsaya cik, kamar ya bushe. Idanun furen da ke jikin rassansa ba sa buɗewa yadda ya kamata sai sun tara awoyi a cikin sanyin da ya sauka ƙasa da digiri 7, tsakanin awa 200 zuwa 500 gwargwadon iri. Hunturunmu kuwa, duk da jaura da fason da yake sa mu, a Kano ma'auni yakan tsaya wajen digiri 13 ne da asuba a watan Janairu, da hantsi kuma rana ta buɗe. Abin da mu muke kira ɗari har mu kwana da garwashi a ɗaki, a wurin almon ko gyangyaɗi bai isa ya sa shi ba. Itacen zai iya rayuwa, ya yi ganye jefi-jefi, wani reshe ya farka wani ya ƙi, fure ya fito ɗai-ɗai ya zube. Shekara biyar kana ban ruwa, kana kallon ganye.

Akwai matsala ta biyu da ba a cika faɗa ba: yanayinmu a juye yake da nasa. A ƙasashen Bahar Rum ruwa da sanyi tare suke zuwa, lokacin zafi kuma ƙasa a bushe take ƙayau. Almon ya ginu a kan haka: ya yi fure a Fabrairu, ya nuna a Agusta zuwa Satumba cikin busasshiyar iska, ɓawonsa na waje ya tsage, ƙwallon ya bushe a kan reshe. A wajenmu Agusta tsakiyar marka ce. Ɓawon da ya tsage cikin yayyafi na kwana da kwanaki fumfuna ce za ta shige shi, irin wadda ke lalata gyaɗar da ba ta bushe ba, kuma gubarta iri ɗaya ce.

Ke nan babu inda za a gwada a wajenmu?

Sai a kan tudu. Jos tana kan tsayin mita 1,200, Mambila ta fi ta, kuma duk suna da sanyin dare, amma damina ce mai tsawo da danshi, abin da almon ya fi ƙi. Da ni zan yi gwaji, tsaunukan Ayar na jihar Agadas zan nufa, wajen Timiya da Bagazam, inda ƙololuwar dutsen ta haura mita 2,000, sanyin dare yake da ƙarfi, iska a bushe, kuma masu lambu suka riga suka saba da rumman da inabi. Gwaji na ce, na itace biyu ko uku. Kada wani ya sayar da akuyarsa ya zuba kuɗin.

Wanda zai amfana kai tsaye da sauran bayanin nan shi ne ɗan uwanmu da ke zaune inda itacen yake yi: arewacin Maroko da Aljeriya da Tunisiya, Sifaniya, Italiya, Turkiyya, ko tsaunukan Ɗa'ifa da Baha a Saudiyya.

In shuka ƙwallo ne ko in sayi dashe?

Ka sayi ɗan aure. Kamar mangwaro ne, ƙwallo ba ya gadon uwarsa sak, sai dai a almon abin ya wuce rashin daɗi. Wanda ya tsiro daga ƙwallo yana iya fitowa mai ɗaci, kuma ɗacin nan guba ce, dangin wadda ke cikin rogo mai ɗaci da ba a jiƙa ba. 'Yan ƙwayoyi kaɗan suna iya halaka ƙaramin yaro. Duk almon ɗin da ka tauna ka ji ɗaci mai kama harshe, tofar da shi, kada kuma ka bar itacen a gidan da ke da yara.

Tambayi mai sayarwa a kan wane gindi aka yi auren. Gindin almon yana zurfafa saiwa, shi ya fi dacewa da busasshiyar ƙasa. Akwai kuma wani gindi mai suna GF-677 da aka samar a Faransa, wanda ya karɓu sosai a ƙasa mai farar ƙasa. Almon ɗin kanti kuwa, in soyayye ne ba zai tsiro ba ko ka shekara kana jira.

Guda ɗaya ya isa, ko sai na haɗa biyu?

Ya danganta da iri. Yawancin tsofaffin iri ba sa barbarar kansu, dole sai ƙudan zuma ya ɗauko garin fure daga wani iri dabam da ke fure lokaci guda. Nonpareil, wanda ya fi yawa a Kalifoniya, haka yake, shi ya sa duk Fabrairu ake loda amya sama da miliyan biyu a manyan motoci daga sassan Amurka a kai gonakin. Marcona na Sifaniya ma sai da abokin zama.

Mai tsakar gida ya nemi irin da ke wadatar da kansa: Tuono na Italiya, Guara na Sifaniya, Lauranne na Faransa, ko All-in-One da ba ya girma sosai. Guara da Lauranne suna jinkirin fure, wannan kuma riba ce, domin itacen da ke neman sanyi yana barci, da ya buɗe fure sanyin digiri biyu ƙasa da sifili ya isa ya ƙone amfanin shekara a dare ɗaya.

Yaya ake dasawa, yaya ban ruwa?

Wurin da rana ke bugu wuni guda, nesa da katanga da aƙalla mita uku, tazarar mita 5 zuwa 7 in sun fi ɗaya. Kafin komai gwada ƙasar: haƙa rami iya gwiwa, cika shi da ruwa da yamma, ka leƙa da safe. In ka tarar ruwa na kwance, canza wuri. Almon yana yafe ƙishi, ba ya yafe jiƙa. Saiwarsa ruɓewa take a laka. Ƙasa mai tsakuwa da sauran itatuwa ke rainawa ta fi masa fadama. Ruwa mai gishiri-gishiri ma yana ƙona masa bakin ganye.

Ana dasa shi yana cikin barci, Disamba ko Janairu, a bar gaɓar auren a saman ƙasa da kamar faɗin tafin hannu. A shafa wa gindin farar ƙasa saboda ƙunar rana. Shekara biyun farko ba ya jure komai, jariri ne: a ba shi ruwa mai yawa sau ɗaya a mako lokacin zafi, ya nutse ƙasa sosai, maimakon yayyafin kullum da ke sa saiwa ta tsaya a sama. A yi masa kwari a kewaye kada ruwan ya taɓa gindin, a rufe da busasshiyar ciyawa. Tsohuwar dabarar binne tulu a gefe a riƙa cika shi tana aiki a nan ƙwarai. Tun yana ƙarami a zaɓi rassa uku ko huɗu da suka kalli kusurwa daban-daban, a datse na tsakiya, ya tashi kamar buɗaɗɗiyar ƙwarya, iska da rana su ratsa.

Bayan ya kafu, lokacin da ya fi buƙatar ruwa shi ne daga zubar fure zuwa cikar ƙwaya, sai kuma sau ɗaya ko biyu bayan girbi, domin a lokacin yake ƙulla furen baɗi.

Sai yaushe zan ci?

Shekara ta uku za ka ga 'yan ƙwayoyi, cikakken amfani sai ta shida ko ta bakwai. In ɓawon waje ya tsage, a shimfiɗa tabarma a kaɗe rassa da gora, a ɓare, a shanya har ƙwayar ta riƙa kaɗawa a cikin ƙwallon in an girgiza. Mutanen Sham da Turkiyya ba sa ma jira duka ya nuna: tun yana ɗanye kore, ƙwallon bai yi tauri ba, suke cin wani da gishiri, ɓawo da komai.

Ni da ke Zinder ko Sakkwato fa, me zan dasa a madadinsa?

In inuwa kake so kuma kana da ruwa, furut ɗin nan ba laifi, amma ka nisanta shi da gini da shadda saboda saiwarsa, ka kuma shirya wa sharar ganye da jemagu. In ƙwaya mai mai kake nema daga itacen da ya san bazararmu, akwai gawasa, wadda ke son rairayi mai ruwa a kusa kamar na Dallol Boso, ƙwallonta in an fasa akwai ƙwaya mai garɗi da mutane da yawa ke jefarwa ba su sani ba. Akwai ɗanya, ita ma ƙwayarta ana ci. Akwai aduwa, wadda ake tatsar mai daga ƙwallonta, ga ta ba ruwanta da fari, sai dai ƙayarta ba ta dace da inda yara ke gudu ba takalmi ba. A kai ta bayan gida ko bakin shinge. Wanda ke kudu da Zariya, inda ruwa ya fi yawa, yazawa za ta fara ba shi 'ya'ya cikin shekara uku, ya dai kiyayi man da ke cikin ɓawon ƙwallonta, yana sale fata.