Dausayin Azraq

Dausayin Azraq wata fadama ce a hamadar gabashin ƙasar Jodan, kimanin kilomita 100 daga birnin Amman. Sunan na Larabci ne, ma'anarsa shuɗi. Yana kan hanyar tsuntsayen da ke ƙaura tsakanin Turai da Asiya da Afirka, kuma yankin da aka keɓe domin kariya ya kai kusan murabba'in kilomita 12. Kewaye da shi kuwa fili ne fetal na tsakuwa da baƙaƙen duwatsu, sai ƴan ƙananan ciyayi jefi-jefi.

Ruwa da ƙasa

Azraq yana cikin kwari ne, shi ya sa ruwan ƙarƙashin ƙasa da ke gangarowa daga tsaunukan kudancin Siriya yake ɓullowa a nan ta idanun ruwa. A gefensa akwai wani faffaɗan fili na laka mai gishiri. In an samu ruwan sama sosai a lokacin sanyi, filin kan cika ya zama tafki marar zurfi, ya yi ƴan makonni ko watanni kafin ya ƙafe.

Tarihi

Mutane sun daɗe suna bin wannan ruwa. A 2016 masu bincike ƙarƙashin jagorancin April Nowell sun sanar da gano burbushin naman dabbobi a jikin kayan aikin dutse da aka tono a wurin, waɗanda ake kyautata zaton sun kai shekara 250,000. Cikin dabbobin akwai karkanda da doki da raƙumi, har da agwagwa. Akwai kuma ragowar wata katangar tara ruwa da ake dangantawa da zamanin Banu Umayya, wadda aka samu siffofin dabbobi sassaƙe a duwatsunta. A farkon ƙarni na 20 ƴan Ceceniya suka zauna a kudancin dausayin, Duruzawa, wata al'umma mai addininta, kuma suka kafa gari a arewa, ga alama bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ana cewa ƴan Ceceniyan ne suka kawo ɓaunar ruwa.

Ƙidayar da aka fi ambata ita ce ta watan Fabrairun 1967, inda aka lissafa tsuntsayen ruwa kusan 347,000, yawancinsu agwagi. A 1977 Azraq ya shiga jerin wuraren Yarjejeniyar Ramsar ta ƙasa da ƙasa kan kare dausayoyi, a 1978 kuma aka ayyana shi wurin kariya a hannun ƙungiyar masarautar ƙasar mai kula da halittu, wadda aka kafa a 1966.

Sai dai takarda ba ta hana injin jan ruwa aiki ba. Tun shekarun 1960 aka fara tura ruwan Azraq zuwa birane, abin ya ƙaru matuƙa a shekarun 1980 saboda ƙishin Amman. Manoma su ma suka yi ta haƙa rijiyoyin burtsatse, da yawa babu izini, har ruwan da ake ɗiba ya zarce wanda ƙasa ke iya mayarwa. A 1990 aka sanya wurin cikin jerin Montreux na dausayoyin da ke cikin haɗari. Idanun ruwan suka ƙafe a 1992, ko 1993 a wasu bayanan. Ɓaunayen suka mutu, busasshiyar ƙasar fadamar ta kama wuta tana ci ta ciki. Da aka sake ƙidaya a Fabrairun 2000, tsuntsaye kusan 1,200 kawai aka gani.

Aikin farfaɗowa

Daga 1994 aka fara maido da ruwa ta bututu da tallafin ƙasashen waje. An yi alkawarin mita kubik miliyan ɗaya da rabi a shekara, ko da yake ba kullum ruwan ke zuwa cif ba. Abin da ya dawo bai wuce kashi 10 cikin 100 na tsohuwar fadamar ba. An sake kawo ɓaunaye, domin su ne ke cinye dogayen ciyayin ruwa suna tattake su, suna buɗa wa tsuntsaye sarari. In babu su, ciyawa kan rufe tafkunan ruf. An kuma ceto wani ɗan ƙaramin kifi, Aphanius sirhani, wanda ba a samunsa a wani wuri sai Azraq, ta hanyar kiwonsa a keɓe da rage kifayen da aka kawo daga waje da ke gasa da shi.

A yau akwai gadar katako da ke ratsa ciyayi zuwa wata ƴar bukka mai siraran tagogi, inda mai kallo kan zauna shiru ya hangi zalɓe da agwagi da ƙananan tsuntsayen bakin ruwa.

Saɓani

Ana jayayya kan wa ya fi laifi a ƙafewar ruwan, birane ko gonaki. Farauta ba bisa ƙa'ida ba tana nan a filin lakar duk shekarar da ya cika.