Karanta jerin ƙwayoyin halittar bairos don bin sawun annoba

Karanta jerin ƙwayoyin halitta aikin ɗakin gwaje-gwaje ne da ake fitar da rubutun da ke cikin ƙwayar cuta, harafi bayan harafi, a kwatanta shi da na wasu samfura domin a san asalinta da hanyar da ta biyo. Gwajin PCR, wanda ke ninka guntun rubutun ƙwayar har a gano ta, iyakarsa ya ce akwai cutar ko babu. Wannan kuwa danginta yake nunawa.

Da harufa huɗu ake rubutun a zaren gado da ake kira DNA: A, C, G da T, sai dai a ɗan'uwansa RNA, irin zaren korona da murar tsuntsaye, U ke maye gurbin T. Ƙwayar korona tana da harafi kusan 30,000 a zare guda, ta murar tsuntsaye kusan 13,500 a yanki takwas. Ƙwayar cuta tana hayayyafa tana kuskure, kamar mai kwafar littafi da hannu: duk wanda ya kwafa daga gare shi ya gaji kuskurensa. Samfura biyu masu kuskure iri ɗaya ƴan gida ɗaya ne, kuma yawan bambancinsu na nuna tun yaushe suka rabu.

Abin da aikin ke warwarewa

Babbar tambayar ita ce: sau ɗaya cutar ta shigo ta bazu, ko ta ƙofofi da yawa take shigowa? A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gonar kaji a jihar Kaduna, kafin watan ya ƙare aka same ta a Magarya, cikin jihar Damagaram. Da aka karanta ƙwayoyin Najeriya, sai aka ga zuriya uku ce daban-daban, kowace da shigowarta. A 2014 samfuran Ebola 99 daga majinyata 78 a Saliyo sun nuna cewa sau ɗaya ta tsallako daga dabba, sauran duk mutum ne ya sa wa mutum. Zazzaɓin Lassa na 2018 a Najeriya akasin haka ya nuna: daga ɓeraye yake ta fitowa. Matakin da hukuma za ta ɗauka a kan wannan amsar yake, ko a killace majinyata da waɗanda suka taɓa su, ko a fuskanci rumbu da ɗakin ajiyar abinci.

Maradi na da ruwa da tsaki a nan. Kaji, zabbi da jajayen awaki suna kai da komo tsakaninta da Katsina ta Dan Isa da Jibiya, kuma cuta ba ta tsayawa a kan iyaka.

Yadda ake yi

Ana goga auduga a hanci ko maƙogwaron mutum, a tsuntsu kuwa maƙogwaro da dubura, a sa cikin kwalbar ruwan ajiya. A ɗakin gwaji a tace RNA, a mayar da shi DNA, a ninka shi guntu-guntu da PCR, a liƙa wa kowane samfur alamarsa, a haɗa su a na'ura. Cikin na'urorin karatun, Illumina ta fi rashin kuskure. MinION kuwa a tafin hannu ake riƙe ta, kwamfutar tafi-da-gidanka ke ba ta wuta, kuma a Gini a 2015 ta ba da sakamako cikin awa 24. A Nijar samfurin mutane yakan nufi cibiyar binciken lafiya ta CERMES, na dabbobi ɗakin gwajin dabbobi na LABOCEL, duka a Yamai.

Inda aiki ke lalacewa

Yawanci ba a na'ura ba ne, a hanya ne. RNA ba ta jure zafi. Samfur na iya kwana uku tsakanin digiri 2 zuwa 8. In zai wuce haka sai a daskare shi a digiri 70 ƙasa da sifiri. Daga Maradi zuwa Yamai ya haura kilomita 600, kuma a bazara zafi na wuce digiri 40. In ƙanƙara ta narke a mota, ko aka ɗauke wuta samfur ya narke ya sake daskarewa, zaren ya kakkarye, sai a samu jeri mai giɓi. Mushen kazar da ta wuni a rana ba ta da amfani. Wadda ke kan ciwo ko ta mutu yanzu ake nema.

Samfurin da lambarsa ta Ct, wato yawan zagayen ninkawa kafin PCR ya gano ƙwayar, ta haura 30 ƙwayar cikinsa kaɗan ce, da wuya ya ba da cikakken jeri. Ɗigo ɗaya na abin da aka ninka jiya, in ya faɗa cikin aikin yau, sai ya ƙaga dangantakar da babu ita, shi ya sa ake raba ɗakin shiri da na ninkawa, a kuma sa kwalbar ruwa zalla a kowane zagaye domin a gane in aikin ya gurɓata.

Sai takardar rakiya, wadda ake yawan rainawa. Jerin da ba a rubuta masa ranar ɗiba, gari da irin dabba ba, ba shi da mazauni a bishiyar dangi, wato zanen da ke nuna dangantakar samfura. Kaza kuma a kasuwar Maradi aka saye ta, amma ta yiwu daga wani ƙauyen Madarunfa ko Dakoro ta kwano, don haka mai ɗiba ya tambayi dillali inda aka ɗauko ta, ya rubuta wancan garin tare da na kasuwar.